Kurungu da dam ɗin Kainji: tarihin da ke ƙarƙashin ruwa 🧵

1/
Yau zaren tarihi na kawo muku, kuma jarumin labarin kifi ne. Ɗan kifin nan mai ƙaya da muke rainawa a kasuwar Yauri, wato kurungu. Ta kansa nake so mu duba abin da dam ɗin Kainji ya yi wa ƙasarmu daga 1968 zuwa yau. Zaren da tsawo fa, ku gyara zama.

2/
Ga abin da ya jawo maganar. Kwanakin baya na raka abokina wani shago a Abuja inda ake sayar da kifin ado, irin wanda ake zubawa a akwatin gilashi a ajiye a falo. Sai na hango wasu 'yan mitsi-mitsi, ba su kai tsawon yatsa ba, sun duƙufa a ƙasan akwatin suna tonon yashi da gemunsu. Na tambayi kuɗin guda ɗaya. Da aka faɗa min sai da na ce a maimaita.

3/
Kuɗin ɗaya tal ya ishi cefanen kurungun miyar gida guda a garinmu. Na ɗauki bidiyo na tura gida aka nuna wa Kaka. Sai ga saƙon murya: "Kai maigida, boko ce ta kai ka kallon 'ya'yan kurungu a kwalba? Ka dawo gida in dafa maka iyayensu."

4/
Na sha dariya. Amma a ƙarshen saƙon ta ƙara wata magana da ta tsaya min a rai. Ta ce kurungun yanzu ma ai ba su ne na ƙuruciyarta ba, "tun da ruwa ya zo aka yi musanya." Kaka Bagungiya ce, a tsibiri aka haife ta, tsibirin kuma yau yana ƙarƙashin tafki. In ta ce "ruwa ya zo", 1968 take nufi.

5/
Hausawa sun ce in kifi ya fito ruwa ya ce idon kada ɗaya ne, wa zai musa? Ni dai ban musa ba, amma na bi diddigi. Na karanta abin da masu bincike suka rubuta a kan tafkin, da hutu ya zo kuma na zauna da tsofaffin masunta a Yelwa da Wara. Ga abin da na samo.

6/
Mu fara da na kwalba. Sunansa Corydoras, asalinsa ƙoramun Kudancin Amurka, daga yankin Amazon har gangaren Ajantina. Nau'o'insa suna da yawa. A gindin ruwa yake rayuwa, yana cin tsutsotsi da 'yan ƙwari. Jikinsa sulke ne na faifan ƙashi jeri biyu. In iskar shaƙa ta yi ƙaranci a ruwa sai ya taso da gudu ya haɗiyi ta sama, hanjinsa ya tsotse ta. Ikon Allah.

7/
Kaka ba ta kauce sosai ba. Shi da kurungu da tarwaɗa da ragon ruwa duk gida ɗaya ne a lissafin masana, gidan kifaye masu gemu. Dangi ne na nesa. Masana ilimin ƙasa sun ce Afirka da Kudancin Amurka a manne suke a da, sun rabu kimanin shekaru miliyan 100 da suka wuce. Ku buɗe taswira ku ga yadda ƙugun Burazil ya dace da lungun da Najeriya da Kamaru suke.

8/
Namu masana na kiransa Synodontis. A Afirka kaɗai ake samunsa, nau'i sama da 130. Jikinsa sumul, amma kansa kamar kwalkwali. Ƙaya uku gare shi, ɗaya a baya, biyu a gefe. In ya miƙe su sai su kulle, babban kifi ya kasa haɗiye shi. Duk wanda ya taɓa cire kurungu daga raga ya san zafin sukarsa. Kukan nan da yake yi in an kama shi kuwa, ƙayar gefen ce ke gogar mazauninta.

9/
Me ya sa kifin ƙasa ya dace da ba da tarihi? Saboda shi ya fi kowa dogara da yadda gindin kogi yake. Dutse ne, yashi ne ko laka? Ruwan na gudu ko yana tsaye? Akwai iskar shaƙa ko babu? In aka taɓa kogi shi ke fara ji a jikinsa, kamar dai talaka da canjin gwamnati.

10/
To yaya Kogin Kwara yake kafin dam? Daga Yelwa zuwa Bussa ya rarrabu rassa-rassa, tsibirai birjik a tsakiya, waɗanda muke kira gungu. Mafi girmansu Foge. Can ƙasa wajen Bussa kuma duwatsu ne da ruwa mai tsananin gudu. A nan Baturen nan Mungo Park ya halaka a 1806, bayan ya wuce ta Yauri. Wurin yau yana ƙarƙashin tafki.

11/
Sau biyu kogin ke cika a shekara. Farin ruwa na zuwa wajen Agusta zuwa Oktoba, ruwan daminar kusa ne mai laka, daga su Gulbin Sakkwato da Rima. Baƙin ruwa kuma sai cikin sanyi, Disamba zuwa Fabrairu. Shi daga tsaunukan Gini yake tasowa, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, lakarsa ta kwanta a can, ya iso mana garau. Da wannan agogon kifi ke hayayyafa, da shi mutane ke tsara noma da kamu.

12/
Mutanen wurin fa? Gungawa, masu kiran kansu Reshe, suna kan tsibirai, gwanayen noman albasa da ban-ruwa da ƙwarya. Sarkawa, waɗanda kamun kifi ne sana'arsu gaba da baya, sun gangaro daga wajen Kabi. Ga Kambari a tudun Ngaski, ga Shangawa da Lopawa, ga Yaurawa. Kowa da yarensa, kowa da sunan da yake kiran kowane kifi.

13/
Tsibiran nan har mafaka sun zama. A rikice-rikicen ƙarni na 19 sarautar Yauri kanta sai da ta bar Birnin Yauri ta fake a tsibiri, kafin Sarki Abdullahi Abarshi ya kafa zama a Yelwa a 1888. Mai son zurfafawa a nan ya nemi rubuce-rubucen Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, wanda ya taɓa shugabantar Jami'ar Sakkwato.

14/
Kafin a toshe kogin masu bincike sun zo sun jefa raga sun ƙirga abin da ke ciki. A 1967 ma Ma'aikatar Gona ta Jihar Arewa ta buga littafi guda a kan kifaye da masuntan Arewa, har da sunayen kifin na Hausa. Ƙirgen ya nuna kifayen ƙasa, su kurungu da miligi mai dogon baki, suna cikin waɗanda suka fi yawa a wannan yanki. Kogin nasu ne.

15/
An fara ginin dam a 1964, zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da rancen Bankin Duniya da na wasu ƙasashe. Kamfanin Italiya mai suna Impregilo ya yi ginin, a tsibirin Kainji da ke kudu da tsohuwar Bussa. A watan Agustan 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka toshe kogin. Janar Yakubu Gowon ya buɗe tashar a Fabrairun 1969.

16/
An tsara injina 12 masu ba da megawat 960, aka kafa 8 masu megawat 760. Wannan ɓangaren ake koya mana a makaranta, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Wutar Kainji ta daɗe tana riƙe da birane da masana'antun ƙasar nan, har Yamai ake kai wuta daga Najeriya. Ni ba na cikin masu cewa da ba a gina ba. Tambayata dai ita ce, wa ya biya kuɗin da ba a rubuta a takarda ba?

17/
Ruwan ya taru ya yi baya har ya taɓo Yelwa. Tafkin da ya samu tsawonsa kusan kilomita 136, faɗinsa ya kai 24 a inda ya fi buɗewa, girmansa kimanin murabba'in kilomita 1,270. Kusa da dam zurfin ya kai mita 60. Ruwa ya ci Foge, ya ci tsohuwar Bussa, gungu bayan gungu suka ɓace.

18/
Mutum kimanin 44,000 aka tasa, daga garuruwa da ƙauyuka sama da 200. Da farko kuɗin diyya aka riƙa bayarwa kowa ya gina da kansa. Abin bai tafi daidai ba, sai gwamnati ta koma gina gidajen. Su ne gidajen bulo masu lanƙwasasshen rufin asbestos da har yanzu za ku gani a Sabuwar Bussa da ƙauyukan bakin tafki. Wani Bature mai zanen gini, Robin Atkinson, ya tsara su.

19/
Kaka tana budurwa lokacin. Ta ce abu biyu ne ba ta mantawa, kaburburan da aka bari, da lambun albasar da babanta ya gada, baƙar ƙasa mai laushi a bakin ruwa. A tudun da aka kai su tsakuwa ce, ruwa kuma ya yi wa gona nisa. An biya ɗaki da ɗaki. Ƙasar da kogi ya yi ɗaruruwan shekaru yana zuba wa taki kuwa, wa zai iya biyanta?

20/
Sai kuma ga abin mamaki, kifi ya ɓarke. Dazuzzuka da gonakin da ruwa ya rufe suka ruɓe suka zama abinci, ciyayi suka zama maɓoyar 'ya'yan kifi. Tsofaffi sun ce faliya ta riƙa cika raga har itacen banda ya yi wuya. A farkon shekarun 1970 kamun shekara ɗaya ya haura tan 28,000, ninkin-ba-ninkin abin da kogin ke bayarwa a da.

21/
Labari ya bazu. Masunta suka yi ta kwararowa, Nufawa, mutanen Neja Dalta, 'yan Mali da Nijar. Tungaye suka tsiro a bakin tafki. Ragar nailan ta ture ta zare. Gungawa da yawa da suka rasa lambu suka rungumi kwalekwale. Dillalan Anacha suka san hanyar Yauri.

22/
Amma a sama ake wannan bikin. A ƙasa labarin daban ne. Kogi mai gudu kullum cikin juya ruwansa yake, iska na kaiwa har gindi. Tafki mai zurfi ba haka yake ba. Daga wajen Fabrairu zuwa Mayu rana na dumama ruwan sama, ya rage nauyi ya zauna a kan mai sanyi na ƙasa, ba sa gauraya. Ruɓaɓɓen ganye da itace kuma su cinye iskar oksijin da ta rage a can.

23/
Kenan watanni a kowace shekara zurfin tafkin ba ya zaunuwa ga kifi. Ga laka ta binne duwatsu da yashin da tsutsotsin ƙwari ke maƙalewa, wato abincin kifin ƙasa. Miligi ya ja baya sosai a cikin tafkin, masu bincike sun rubuta haka tun shekarun farko. Kifin da ya saba da dutse da ruwa mai gudu sai dai ya nemi inda kogi ya rage, sama da Yelwa ta wajen Shanga, ko ƙasa da dam.

24/
Da na Amurkan can ne, da ya taso ya haɗiyi iska ya koma abinsa. Kurungu ba shi da wannan dabara. Amma wasu daga cikin danginsa suna da tasu, kuma ina ganin ita ce "musanyar" da Kaka ke faɗa.

25/
Akwai kurungun da ke iyo a rigingine, ciki sama baya ƙasa. Da yake cikin ne ke kallon rana sai launin ya juye, bayan fari-fari, cikin baƙi. Kifi mai baƙin ciki na gaske kenan 😅 Irin wannan bai dogara da gindin ruwa kaɗai ba. Yana bin sama yana tace ƙananan halittun da ke yawo a ruwa, waɗanda tsayayyen ruwan tafki ke haifarwa da yawa.

26/
Iri biyu aka fi sani a ruwanmu, masana na ce musu Synodontis batensoda da Synodontis membranaceus. Na biyun shi ne babban nan mai faffaɗan baƙin gemu. Na farkon kuwa, tsoffin Misirawa sun zana shi a bangon kaburburansu a Saƙƙara, a rigingine yadda yake, sama da shekaru 4,000 da suka wuce. Kifin da mu muke cewa na talaka ne fa.

27/
Wani ɗalibin Jami'ar Southampton ta Ingila, N. G. Willoughby, digirinsa na uku sukutum a kan kurungun Kainji ya yi shi, ya kammala a 1974. Aikin binciken tafkin da aka fara a 1968 da taimakon FAO shi ne ya zama cibiyar NIFFR ta Sabuwar Bussa a 1987. Zuwa shekarun 1990 mai faffaɗan gemun nan ya yi yawa a raga har masu ƙididdiga suka ware masa layinsa shi kaɗai, sauran kurungu aka haɗa su a layi ɗaya.

28/
Kun ga maganar Kaka ta fito. Sunan bai canja ba, kurungu dai kurungu, amma rabon ya canja. Tafki ya buɗe wa masu kiwo a sama ƙofa, ya ƙuntata wa masu kiwo a dutse. Ita ba ta san sunayen boko ba. Hannunta ne ya sani, don shekara hamsin ta yi tana gyara su tana bandarsu.

29/
Bikin bai daɗe ba. Takin da ruwa ya samu daga ruɓaɓɓen daji ya ƙare, masunta kuma sun ninka. Zuwa 1978 kamun shekara ya faɗo kusan tan 4,500. Daga 28,000 fa. Da manyan kifi suka yi wuya sai idon raga ya fara tsukewa, mai inci huɗu ya koma uku, mai uku ya koma biyu. Kowa na cewa in ban kama ba wani zai kama.

30/
A nan ƙayar kurungu ta zame masa bala'i. Abin da ke hana giwan ruwa haɗiye shi, shi ke sarƙe shi a raga. Ɗan kifi mai santsi yakan sulale ta idon raga, ɗan kurungu kuwa yana miƙe ƙaya ya kamu. Makamin da ya daɗe yana kare shi, nailan ya mayar masa da shi tarko.

31/
Sai kuma dala ta shigo. Ga wanda bai sani ba, doguwar raga ce mai ido kamar gidan sauro, a zagaya da ita cikin ruwa a jawo ta gaɓa. Don warangi ake yin ta, 'yan ƙananan kifin nan masu walƙiya da ake shanyawa a rana, waɗanda suka yi yawa bayan dam. Amma dala ba ta tambayar suna. Gindin gaɓa take sharewa, inda 'ya'yan faliya da gargaza da kurungu ke girma.

32/
A 1993 aka fara aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus, ta hukumarsu GTZ, don bunƙasa kamun kifi a tafkin. Sun riƙa ƙirge mai tsari. Sun samu masunta masu kayan kansu sama da 5,000, ban da yaransu, a ƙauyuka da tungaye kusan 300. A 1996 kamu ya kai kimanin tan 38,000, amma fiye da rabi daga dala ya fito. Adadin ya yi kyau a takarda, alhali uwar kuɗi ake ci.

33/
Wajen 1997 jihohin Kebbi da Neja suka yi dokokin kamun kifi. Kowane masunci ya yanki lasisi, ragar da ake kafawa kada idonta ya gaza inci uku, dala kuma an haramta. Abin da ya burge ni shi ne hanyar da aka bi. An shiga ta hannun masarautun Yauri da Borgu, hakimai da sarakunan ruwa suka shiga aikin karɓar kuɗin lasisi da sa ido. A 1999 hana dala ya fara aiki.

34/
Bayan haramcin jimillar kamu ta faɗo ƙasa da tan 17,000 a 1999, sannan wajen 13,000 a 2000 da 2001. Kafin wani ya ce "ka ga doka ta kashe sana'a", ya tuna babban abin da ya fita daga lissafin warangin dala ne. Amma gaskiya wasu gidaje sun ji jiki, don dala ɗaya na ciyar da majiya ƙarfi da yawa, ga matan da ke shanya da sayarwa.

35/
Tsofaffin da na zauna da su bakinsu ɗaya a nan. Sun ce da aikin Jamusawa ya ƙare a farkon shekarun 2000, jirgin sintiri da masu ƙirge suka yi ta janyewa a hankali. Yau duk wanda ya je bakin ruwa da asuba ba sai an faɗa masa ko dala ta tafi ko tana nan ba.

36/
Wani ƙarin abu, kuma a nan Kudancin Amurka ta sake shigowa labarin. Wajen ƙarshen shekarun 1980 wata ciyawa mai yawo a kan ruwa, mai fure ruwan shuni, ta gangaro Kwara daga Nijar ta shiga tafkin. Kama take da kainuwa, amma asalinta yankin Amazon ne, mahaifar kifin kwalbar can. Ita ma don ado aka fara yawo da ita duniya.

37/
Ta toshe mashigar jirage, ta kwashe raguna, inda ta yi kauri kuma ta hana haske da iska isa ƙasa. An yi gayya ana kwashe ta da hannu, an saki wasu ƙwari masu cin ta, sannan a ƙarshen shekarun 1990 aka gitta shinge a kan kogin tsakanin Zamare da Rofiya don tare ta. Don Allah wanda ya gaji da kifin ado ko ciyawar ado kada ya juye su a kogi. Wallahi da haka ake farawa.

38/
Yanzu mu dawo yau. Na je bakin ruwa a Yelwa da safe ina kallon masu sauke kaya. Kurungun da na gani da yawa ba su wuce yatsana ba, daga gura aka juyo su, tarkon nan na 'yan Mali da ake sa wa dusa. Girmansu ɗaya da na shagon Abuja. Sai dai wancan iya girmansa kenan, ya gama. Namu yawanci jarirai ne, ko ƙwai ba su taɓa yi ba.

39/
Na ce wa wani dattijo, "Baba, waɗannan ai ba su isa kamu ba." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, na fi ka sani. Ka ba ni abin da zan kai gida yau, in mayar da su ruwa da hannuna." Na yi shiru. Har yanzu ban samu cikakkiyar amsar da zan ba shi ba.

40/
Shi ya sa ba na son zaren nan ya zama zagin masunta. Mutumin da aka tasa daga lambun kakansa aka ce ga tafki ka ci, iyali suka ninka, man jirgi ya yi tsada, rashin tsaro ya hana shi sakewa a gonar tudu, wa'azi kaɗai ba zai hana shi tsuke raga ba. Abin da shekarun 1990 suka nuna shi ne doka takan yi aiki in masu ruwan suna cikinta, kuma ana ƙirga abin da ake kamawa.

41/
Yanzu akwai HYPPADEC, hukumar raya yankunan da ke samar da lantarki daga ruwa. An yi dokarta a 2010, ta fara aiki wajen shekara goma bayan nan, kuma Kebbi na ciki. Mu matasan Yauri da Ngaski da Shanga muna da 'yancin tambayar hukumomi da wakilanmu. Ina kason kifi a ayyukan raya yankin? Wa ke ƙirge yanzu? Tan nawa aka kama bara? Abin da ba a aunawa, sai dai a wayi gari a ga babu.

42/
Akwai kuma asarar da ta fi wannan saurin zuwa, wato ta sunaye. Kaka na rarrabe kurungu iri-iri da Gunganci, kowanne da sunansa, da inda yake kwana, da watan da yake ƙiba. Ni jikanta suna ɗaya na sani, shi ma na Hausa. Na iya rubuta Synodontis membranaceus ba kuskure, amma ban iya faɗarsa da yaren da uwar uwata ta sha a nono ba. Abin kunya ne, na yarda.

43/
Don haka roƙona uku ne. Na ɗaya, in kana da tsoho ko tsohuwa da suka ga zuwan ruwa, ka kunna rikodar wayarka a hutun nan. Waɗanda suke da wayo a 1968 yau sun kusa saba'in ko sun haura. Tambaye su sunan gungunsu, me ake nomawa, wane kifi ake kamawa a wane wata, ina aka kai su.

44/
Na biyu, ku rubuto min sunayen kurungu da sauran kifi da Gunganci, Kambarci, Lopanci, Shanganci ko Hausar Sarkawa a ƙarƙashin zaren nan, da hoto in akwai. Zan tattara in sake sakawa kowa ya gani. Na uku, a kasuwa in da hali ka wuce tiren jariran kifi ka sayi manya. Wannan kaɗai ba zai gyara tafki ba, amma dillali na lura da abin da ke kwantai.

45/
Lokacin Rigata muna cika bakin ruwa muna ɗaukar hoton jirage da gwanayen ninƙaya, kuma hakan na da kyau. Amma in kun tsaya a gaɓar nan ku tuna akwai garuruwa a ƙarƙashin ruwan da kuke kallo, da lambuna, da kaburburan kakanninmu, da ɗan kifi mai ƙaya da ke ta fama a cikinsu tun 1968.

46/
Af, maganar alkawarin Kaka. Da na je ta tuƙa min tuwon shinkafa da miyar kurungu. Tana ajiye kwanon ta ce, "Maigida, ka yi haƙuri, iyayen da na ce ban samu ba a kasuwa, sai 'ya'yan." Ta ce a gungu irin waɗannan mayar da su ruwa ake yi, a ce su je su kira manyansu. Na ɗauko biro na fara rubuta sunayen da take faɗa. Mun kai bakwai ta ce ta gaji, sai gobe.

47/
Wanda ya ga kuskure ya gyara min, ɗalibi ne ni. Ku tura wa 'yan uwa na bakin ruwa, musamman masu tsofaffi a gida. Allah Ya jiƙan magabatanmu da ke kwance a ƙarƙashin tafkin nan, Ya sa albarka a ruwanmu. Amin.